Tsakanin uBlock Origin da NoScript

Malam, ka tambayi wanne za ka zaɓa tsakanin uBlock Origin da NoScript, ƙananan manhajoji biyu da ake ɗora wa burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) don tare abubuwan da ba a so a shafuka; uBlock Origin za ka ɗora wa burauzarka. Dalilina shi ne saitin da kowannensu yake zuwa da shi, domin yawancinmu da zarar mun ɗora manhaja ba ma sake komawa mu taɓa saitinta.

Raymond Hill ne ya fara uBlock Origin a 2014, kuma yana zuwa da jerin EasyList da EasyPrivacy a kunne, waɗanda suke tare tallace-tallace da masu bin sawun mutum daga shafi zuwa shafi, amma su bar ainihin shafin yana aiki. Shi na saka wa mahaifina, dattijon da ba ya son allo ya riƙa yi masa tambayoyi. Tun daga lokacin yake karanta jaridunsa, yake sauraron karatun malamai, bai taɓa kirana a kan wani abu ya ƙi buɗewa ba, sai ma ya ce shafuka sun daina nauyi, datarsa kuma tana jimawa.

NoScript ya fi tsauri, tunda yana hana JavaScript, wato umarnin da ke sa sassan shafi su yi aiki, gudana a shafin da ba ka amince da shi ba, kuma Tor Browser, burauzar ɓoye sawu, ma da shi yake zuwa. Sai dai shafin banki ko na cike fom ba zai yi aiki ba har sai ka ba da izini da hannunka, wanda ya gaji kuwa yakan buɗe wa kowa ƙofa.

Idan da hali ka yi amfani da Firefox, domin tun 2024 Chrome ya fara kashe manhajojin tsohon tsari irin su uBlock Origin na asali, abin da ya rage a can shi ne uBlock Origin Lite, wanda bai kai na asali ƙarfi ba.

Ka kuma yi hattara da masu kwaikwayon suna da tambari, da masu gyaran kwamfuta marasa amana da ke karɓar kuɗi a kan abin da yake kyauta. Irin wannan manhaja tana neman izinin karanta duk abin da ke shafukan da kake buɗewa, har da inda kake rubuta kalmar sirri. Misali, The Great Suspender, wata manhaja da ake ɗora wa Chrome, amintacciya ce kafin ta sauya hannu, Google ya cire ta a 2021 saboda mugun abin da aka cusa mata. Saboda haka ka sauke daga rumbun burauzar kaɗai, ka tabbatar sunan Raymond Hill yana wurin.