Farantan bayan jirgi ko fiffiken inji: wanne ke rage dukan igiyar ruwa?

Malam, ka ce jirginka na faiba ne, ƙafa 18, da injin rataye mai ƙarfin doki 60, kuma da zarar iska ta taso sai ya riƙa ɗaga goshi yana fyaɗuwa a kan ruwa har ƙugu ya yi tsami. Kana son sanin ko fiffiken da ake ɗaura wa inji zai wadatar, ko sai ka sayi farantan da ake kira tirim tab.

Dukansu gindin jirgi suke ɗagawa don goshi ya sauka. Goshin nan ne ke da kaifi, shi ke tsaga igiya. Idan ya tashi sama, shimfiɗaɗɗen cikin jirgin ne ke karɓar dukan.

Fiffike, irin su Doel-Fin, ana ɗaure shi da noti a saman farfela. Yana da araha, ba ruwansa da batir, kuma yana sa jirgi ya hau saman ruwa da wuri. Sai dai yadda ka ɗaura shi haka zai zauna. In jirgi ya karkata gefe guda, ba abin da zai iya yi.

Farantan kuwa biyu ne, dama da hagu, a ƙasan bangon baya, kowanne da maɓallinsa. Na Bennett da aka fi sani da man haidirolik suke aiki, na Lenco da lantarki, duk kamfanonin Amurka ne. Idan igiya tana zuwa ta gaba, sai ka sauke su duka biyu kaɗan-kaɗan, ka danna ka saki, ka jira jirgi ya amsa kafin ka ƙara. Goshi zai kwanta, kuma za ka iya rage gudu ba tare da gindi ya nutse ba. A ganina wannan ne babban amfaninsu, domin yawancin dukan nan gudu ne ke kawo shi. Idan iska ta gefe take, ko fasinja sun taru a hagu jirgi ya karkata can, sai ka sauke farantin hagu kaɗai ya ɗago wannan gefen. Karkataccen jirgi da shimfiɗaɗɗen gefensa yake faɗawa ruwa, shi ya sa dukan ke ƙaruwa.

Inda ake halaka shi ne lokacin da igiya ke biyo ka ta baya, musamman wajen shigowa bakin teku. A nan sai ka ɗage farantan gaba ɗaya. In ka bar su a ƙasa, goshi zai cusa cikin igiyar da ke gabanka, ta baya ta turo gindi, jirgi ya juya ya ba ruwa gefe. Mai fiffike ba shi da wannan zaɓin, sai dai ya ɗan ɗaga injin. Haka ma farantan Smart Tabs na kamfanin Nauticus, masu aiki da matsin iskar gas su kaɗai: suna da sauƙin kuɗi, amma ba ka da ikon juya su daga wajen sitiyari.

Don haka in a tafki ko rafi mai kwanciya kake yawo, fiffike ya ishe ka. Kai da kake fita teku, farantai masu maɓalli za ka saya. Wajen girma, ƙa'idar da Bennett ke bayarwa ita ce kusan inci ɗaya na faɗin faranti ga kowace ƙafa ta tsawon jirgi, amma ka fara auna filin da ya rage tsakanin inji da gefe, ƙananan jirage ba kasafai suke da wuri ba. Ramukan kusoshi a toshe su da gam na jirgin ruwa, kada ruwa ya shiga bangon ya ruɓar da shi. A ruwan gishiri kuma ka sa musu ɗan dunƙulen ƙarfen da ake kira zinki, shi gishiri zai ci maimakon farantin, ka riƙa canja shi in ya zaizaye.