Neman karatu a ƙasar waje: ta hannun ejan ko kai da kanka?

Ejan dai sauƙi ne, shi zai cike fom ya bi maka takardar admishan har biza, amma fa kuɗin aikinsa daban kuɗin makaranta daban, kuma da yawansu jami'ar da ke ba su kamasho za su tura ka ko da ba ita ta dace da kai ba. In kai ka nema da kanka wahala ce zalla, sai dai ka san inda kowane sisi ya tafi. Jamus misali a uni-assist, ofishin da ke karɓar takardun neman gurbi na jami'o'i da dama, Yuro 75 ne neman farko, 30 kowane ƙari, yawancin jami'o'in gwamnati ma ba kuɗin karatu. Ingila kuwa a UCAS, shafin neman gurbin jami'a, har kwas biyar za ka iya zaɓa. Ni kam gara na sha wahalar.