Manhajar YouVersion ga mai zaman makoki a Saudiyya: abin da take yi da inda ta gaza

Kirista Bahaushe da ke aiki a Riyad ko Jidda, idan labarin rasuwa ya iso daga Jos ko Wusasa, sau da yawa kafin bizar fita da dawowa ta fito an riga an yi jana'iza. Ƙasar ba ta da majami'a, Lahadi kuma ranar aiki ce. Sai ɗaki da waya. A wannan hali muka auna manhajar Littafi Mai Tsarki ta YouVersion, wadda cocin Life.Church na Amurka ya fitar a 2008. Kyauta ce, ba talla.

A buɗe asusu, a zaɓi Hausa, a sauke fassarar cikin waya don ta buɗe ko ba data. Akwai fassara fiye da ɗaya. Wanda ya tashi a cocin ECWA ko COCIN ya fara da wadda kunnensa ya saba da ita, domin mai baƙin ciki ba ya son sabuwar kalma a ayar da ya haddace tun yana yaro. Sabon Rai Don Kowa ta fi sauƙin Hausa, ta dace da kwatantawa.

Inda manhajar ta fi amfani shi ne littafin Rut. Sura 4 ne, aya 85, kwata ɗaya na awa ya isa a karanta da murya. Na'omi, surukar Rut, ta binne miji da 'ya'ya biyu a Mowab, ta koma Baitalami ta ce a kira ta Mara, wato mai ɗaci. Rut ba ta yi mata wa'azi ba. Ta bi ta, ta shiga gona kalar sha'ir tun safe har yamma, ta sussuka, ta kawo gida, har da ragowar abincin da ta ci. A shafa wa 1:8 da 2:20 da 3:10 launi ɗaya: kalmar Ibrananci guda ce a duka ukun, hesed, ƙaunar da ba ta sakin alkawari, ita ce kuma ke maimaituwa sau 26 a Zabura 136. Daren da ta'aziyya ba ta shiga kunne, a buɗe Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu, sannan Makoki 3:22-23.

Matsalolinta na gaske ne. Ayar kowace rana takan faɗo ba tare da sanin halin da mutum ke ciki ba. Ayar murna a kwana na uku da rasuwa tana yanka zuciya. A kashe sanarwar, har da ƙidayar kwanakin karatu a jere, wadda kan sa gwauruwa jin laifi don ta tsallake rana. Abokai a manhajar suna iya ganin abin da aka shafa ko aka rubuta, saboda haka a mayar da rubutun addu'a na sirri tun farko. Tsare-tsaren karatu kan rashi kuwa yawancinsu da Turanci suke.

Shawararmu ga iyali: a tsayar da lokaci guda, sura ɗaya ta littafin Rut kowane dare. Saudiyya na gaban Najeriya da awa 2, don haka tara na dare a Jidda bakwai ce a Jos. Ɗa ya kira ya ce, "Mama, buɗe sura ta biyu," ta karanta rabi, ya ƙarasa rabi. Bayan kwana huɗu a sake komawa farko.