Tsohon jirgi da sabon inji: abin da na gani a ruwan Yauri

A farkon shekarar 2023 na yanke shawarar mallakar jirgin ruwa na kaina, saboda na gaji da biyan haya duk lokacin da zan ɗauko albasa da busasshen kifi daga tsibiran da ke kewaye da Yauri zuwa kasuwa. Kuɗin hannuna ba su kai na sabon jirgi da sabon inji ba, don haka na sayi duka biyun na hannu. Jirgin bai taɓa sa ni nadama ba, amma injin ya koya mini hankali.

Jirgin na katako ne, kuma kawuna, wanda ya tsufa a sana'ar fito, shi ya raka ni dubawa. Ya sa aka jawo shi kan tudu, ya bi shi da guduma yana ƙwanƙwasa kowane katako yana sauraron amonsa, sannan ya riƙa soka bakin wuƙa a mahaɗa da gindin ƙusoshi. Wurare biyu wuƙar ta shige kamar an soka ta cikin dafaffen rogo. Ya ce wa mai jirgin, “Malam, waɗannan biyun sun gama aiki, sai ka rage mana.” Bai tsaya nan ba, sai da aka mayar da jirgin ruwa, aka kwashe ruwan cikinsa tas, muka dawo da asuba muka ga yawan wanda ya tsattsafo cikin dare. An rage kuɗin, kafinta ya sauya katakan biyu ya toshe mahaɗar da tsumma da kwalta, kuma har yau da shi nake aiki. Aibin katako ba ya ɓuya ga wanda ya san inda zai duba, shi ya sa ban ga hujjar matsa wa kai a kan sabo ba.

Injin kuwa a cikin ganga cike da ruwa aka tayar mini da shi, ya sha sabon fenti, ƙararsa ba abin kushewa. Ban san cewa injin da ke juyi a ganga ba tare da kaya ba bai nuna komai ba. A mako na bakwai, muna tsakiyar ruwa da buhunan albasa, sai siririn ruwan nan da inji ke fesowa ta baya, wanda shi ne shaidar cewa famfon sanyaya shi yana aiki, ya ɗauke. Kafin mu ankara inji ya ɗau zafi ya mutu, da filafili muka isa gaɓa bayan magariba. Da makanike ya buɗe, ya tarar robar famfon ta kakkarye, fistin ya ƙarzu, man giya kuma ya fito fari kamar kunu, alamar ruwa ya daɗe yana shiga. Ya dube ni ya ce, “Alhaji, wannan ya sha wuya tun kafin ya zo hannunka.” Sau uku na gyara shi cikin wata huɗu, a daidai lokacin da cire tallafin man fetur na ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa kowace lita ta zama abin lissafi.

Daga ƙarshe na sayar da shanu biyu na sayi sabon Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, a kan kusan ninki uku na kuɗin tsohon. Irin wannan inji ana haɗa masa fetur da baƙin mai ne a tanki ɗaya. Na bi ƙa'idar awa 10 na farko, wato lita ɗaya ta mai a lita 25 ta fetur ba tare da an buɗe masa wuta duka ba, daga baya na koma ɗaya a 50. Da jan igiya ɗaya ko biyu yake tashi ko da sanyin hunturu, kuma filogi da robar famfo da farfela ba sa wuyar samu, tunda irinsa ne ya cika bakin ruwa. Nauyinsa ya haura kilo 70, ga shi dole a cire shi kowane dare a kai gida, domin sabon inji yana jan idon da tsoho ba ya ja.

Akwai abin da sabon inji bai raba ni da shi ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka, kututturan itatuwa suna nan a ƙasa, kuma idan ruwa ya ja baya sukan matso kusa da sama. Ɗaya ya riga ya cinye mini farfela. Duk wanda ya tuna jirgin da ya nutse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, inda aka rasa rayuka masu ɗimbin yawa, ya san cewa lodi fiye da kima da tsufan jirgi ba abin wasa ba ne. Saboda haka na sayi rigunan ruwa masu hana nutsewa, na daina tafiyar dare, kuma duk ƙarshen damina kawu yana dawowa da gudumarsa.

Tsohon injin yana jingine a zaure. Makaniken nan ya riga ya saye kabaretarsa, kuma ya ce zai dawo ya ɗauki murfin.