Lauyoyin Birmingham da suka yi muna lissafin harajin gidaje ukku: na gamsu amma sun wahalshe mu

Jama'a assalamu alaikum. Tunda yanzu a Sakkwato masu tambaya kan sayen gidan haya a Ingila sun yi yawa, musamman waɗanda ke da ɗiya can wajen karatu, bari in faɗi abin da na gani game da wani ofishin lauyoyi na Birmingham da muka yi aiki da su kan maganar Yaya Alhaji, wana kenan, don ni ke riƙe mai takardu da wayar imel. A gajarce dai zan ba su huɗu cikin biyar, kuma dalilin huɗun nan abu guda ne, sun faɗa muna gaskiya tun kafin a biya ko sisi duk da gaskiyar ba mai daɗi ba ce.

Abin da ya kai mu wurinsu shi ne wani dillali ya kawo ma Yaya gidaje ukku a jere na mutum ɗaya, kowane fam 150,000, jimla 450,000, yana ta cewa ai idan ka sayi gidaje da yawa lokaci guda gwamnatin Ingila na yi maka rangwamen harajin sitam, wato harajin da mai sayen gida ke biya, har da turo muna wani lissafi mai kyan gani a WhatsApp. Wallahi maganar ta shiga kunnen Yaya sosai, kun san ɗan kasuwa da jin kalmar sari. To a zama na farko da muka yi da lauyar ta bidiyo, mace ce, ba ta yi wani kwana-kwana ba ta ce wanga rangwame ya mutu. An kawo shi a 2011, yadda yake aiki shi ne a haɗa kuɗin gidajen duka a raba da yawansu, a lissafa haraji kan wannan matsakaicin farashi sannan a ninka da yawan gidajen, da sharaɗin ba zai gaza kashi 1 cikin ɗari na jimlar kuɗin ba. Amma ministan kuɗi na lokacin Jeremy Hunt ya sanar da soke shi a kasafin 6 ga Maris 2024 kuma daga 1 ga Yuni 2024 babu shi a Ingila da Ireland ta Arewa, sai waɗanda suka riga suka ƙulla yarjejeniya kafin sanarwar. Ta ce Scotland da Wales suna da nasu harajin daban da nasu dokoki, kar mu haɗa, mu dai gidajenmu a Ingila suke.

Inda na fi jin daɗinsu shi ne yadda ta zauna ta warware lissafin ɗaya bayan ɗaya har ni da ba ɗan boko sosai ba na gane. Tunda mai sayarwa ɗaya ne mai saye ɗaya ne, hukumar harajinsu HMRC tana ɗaukar cinikin a matsayin abu guda ko da an raba takardu ukku, don haka a kan 450,000 za a yi lissafi ba a kan 150,000 ba. Fam 125,000 na farko babu komai, 125,000 na biyu kashi 2 wato 2,500, sauran 200,000 kashi 5 wato 10,000, ka ga 12,500 kenan. Sai ƙarin da ake ɗora ma mai gida fiye da ɗaya, wanda da kashi 3 ne amma ministar kuɗin da ta gaji Jeremy Hunt, Rachel Reeves, ta mai da shi kashi 5 daga 31 ga Oktoba 2024, a kan jimlar kuɗin duka yake hawa, 22,500. Sai kuma ƙarin kashi 2 na wanda ba mazaunin ƙasar ba da aka fara a Afrilu 2021, tunda Yaya bai yi kwana 183 can a cikin shekarar ba, 9,000. Jimla fam 44,000 haraji kawai, ban da kuɗin lauya ban da gyara. Da rangwamen nan na nan da 33,000 za a biya, kun ga dillalin nan ya so jefa mu cikin ramin fam 11,000 da ba mu shirya ma ba, kuma kwana 14 kacal ake ba mutum bayan kammala ciniki ya biya. Ku juya 11,000 zuwa naira da kanku ku ga abin da nake nufi.

Wani abu da ya ba Yaya mamaki har ya ce min "kai ƙane, gidana na Mabera mi ya haɗa shi da Turawa", shi ne ta tambaye shi ko yana da gida a Najeriya. Ashe gidan da kake da shi ko'ina a duniya yana shiga lissafi muddin darajarsa ta kai fam 40,000, don haka ko gida ɗaya tal ka je saye can, idan kana da babban gida a Arkilla ko Bado to kai mai gida na biyu ne a wurinsu. Wannan kam ban taɓa jin wani dillali ya faɗa ba, ko ɗaya.

Kuma ba ta tsaya ga cewa babu ba, ta nuna muna hanyoyin da doka ta bari. Na farko idan gidajen daga hannun mutane daban-daban ne da ba su da alaƙa da juna to kowane ciniki da lissafinsa, gida na 150,000 zai ci 11,000, ukku 33,000, wato daidai da abin da tsohon rangwamen zai bayar. Na biyun shi ne ya sa muka yi shiru muna kallon juna, ta ce wanda ya sayi gidaje shida ko fiye a ciniki guda ana lissafa mai da farashin wuraren kasuwanci ba na gidajen zama ba, babu komai har 150,000, kashi 2 har 250,000, kashi 5 a kan abin da ya haura, kuma babu ƙarin kashi 5 ɗin nan babu na baƙo. Gidaje shida na 150,000, jimla 900,000, harajinsu 34,500. Wato mai sayen shida ya fi mai sayen ukku biyan kaɗan. Ni a gaskiya ina ganin wannan ba adalci ba ne, an rufe ƙofa ga mai ƙaramin ƙarfi an bar ma manyan kamfanoni tasu a buɗe, amma dai dokarsu ce. Kuma ta ja kunnenmu ƙwarai kar mu je mu haɗa kuɗi da mutanen da ba mu yarda da su ba don kawai a cika shida, harajin da ka gudu ba zai kai rigimar haɗaka ba.

Yanzu inda suka rasa tauraro ɗaya. Binciken asalin kuɗi, kai jama'a. Na san doka ce ta tilasta masu saboda maganar halasta kuɗin haram, ban ce kar su yi ba, amma ba su da masaniya ko kaɗan kan yadda kasuwanci ke tafiya a nan. Mutumin da ke harkar fata da albasa shekara da shekaru, rabin cinikinsa hannu da hannu ne ko tiransifa ta waya daga yaran shago, su kuma suna son kowace shigar kuɗi a kawo mata rasit da bayani. Muka tura sitetimen na banki suka ce a sake, muka tura takardun rajistar kamfani suka ce a kai wa notari ya buga hatimi, muka yi ta zirga-zirga tsakanin banki da ofishin lauya nan cikin gari da zafin Sakkwato. Da tun farko sun ba mu jerin duk abin da suke so a takarda ɗaya da an huta. Sannan amsar imel na jinkiri, ranar Juma'a da yamma kam ka manta da su sai Litinin, kuma ba mai jin Hausa a ofishin don haka dole sai da mai fassara a gefe, dattijo ba zai iya shi kaɗai ba. Kuɗin aikinsu ma ba arha ba ne amma sun rubuta shi tun farko kuma ba su ƙara komai daga baya ba.

Wani gargaɗi da ta yi wanda ya kamata masu ɗiya can su ji, akwai masu tura ma mutane wasiƙa bayan sun sayi gida wai za su karɓo masu rarar haraji a raba, lokacin da rangwamen nan ke aiki galibi da hujjar wai ɗakin baya na gidan gida ne na biyu don a samu rangwamen. Irin wannan cuwa-cuwar na cikin abin da aka yi ta kuka da shi kafin a soke rangwamen, kuma idan HMRC ta bincika ta ga ba haka ba mai gidan za a bi ya mai da kuɗin da ruwa a kai wani lokaci har da tara, su kuwa sun riga sun ci nasu kason.

Yaya dai ya fasa ukkun nan na mutum ɗaya, yanzu ana duba biyu daga hannu daban-daban kuma su ɗin dai za su ci gaba da riƙe muna aikin, sai dai na roƙe su wannan karon su haɗa ni kai tsaye da mai duba takardun kuɗi tun kafin a fara.