CricketArchive: rumbun da bai manta da ’yan kurket na wasa ɗaya ba

Abin da ya sa na yi rajista da CricketArchive, shafin intanet mai tattara bayanan wasannin kurket, shi ne neman labarin ’yan wasan kurket na gundumomin Ingila a ƙarni na 19, musamman waɗanda ba su daɗe a fagen ba, kuma a wannan fannin na samu abin da nake so. Tun daga shekarar 2017 sai da kuɗin rajista ake shiga yawancin bayanansa, amma ga wanda ke bin diddigin tsofaffin wasanni, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Na gwada rumbun ne da Fred Grace na ƙungiyar Gloucestershire, wato ƙanen shahararren ɗan kurket W. G. Grace. An haife shi a watan Disamba na 1850, ya rasu a Basingstoke ranar 22 ga Satumba, 1880, yana da shekara 29 kacal. Makonni biyu kafin rasuwarsa ya buga wa Ingila wasansa na farko kuma na ƙarshe, a karawa da Ostireliya a filin Oval na Landan, tare da yayyensa biyu. Da na buɗe takardar sakamakon wasan, sai ga maki 152 a gaban sunan W. G., shi kuwa Fred sifili a zagayen bugu na farko, sifili a na biyu, sannan ga sunansa a layin George Bonnor, ɗan wasan Ostireliya, a matsayin wanda ya cafe ƙwallon da ta fitar da shi. Na daɗe ina kallon waɗannan layuka, domin mutumin da ke cikinsu bai san kwanakinsa sun kusa ƙarewa ba.

Ƙarfin rumbun yana wajen haɗa komai da komai. Daga sunan ɗan wasa ana isa ga jerin wasanninsa, daga nan zuwa filin da aka yi su da abokan da ya buga tare da su. Har ɗalibi ko limamin coci da ya buga wa gundumarsa wasa ɗaya lokacin hutu yana da nasa gurbin, kamar yadda gwarzon da ya shekara talatin yana bugu yake da shi, kuma wannan adalcin ne ya fi burge ni.

Sai dai mai karatu ya zo da saninsa. Kafin 1889 ƙwallo huɗu ake jefawa a jere kafin a sauya gefe, ba shida kamar yau ba, kuma gasar gundumomi ba ta zama ta hukuma ba sai a 1890, don haka kwatanta alƙaluman da na yau yana buƙatar hattara. Haka kuma takardar sakamako ba ta faɗin dalilin da ya sa mutum ya daina wasa. Ciwon huhun da ya yi ajalin Fred Grace ba ya cikin layukan maki, sai an koma ga jaridun wancan zamani ake samun labarinsa.