Wasiƙa daga Liyon zuwa Tawa: Yadda Ake Sayen Labarin Kasuwa Kafin a Sayi Kaya

Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da abokan sana'arku na kasuwar Tawa, na rubuto ne domin in amsa tambayar da kuka yi mini ta salula kafin azumi, wadda ban samu sukunin amsawa yadda ya kamata ba. Kun ce kun ji ana faɗin wai a ƙasar Turawa har labarin kasuwa ma sayar da shi ake yi, kuna so ku san ko gaskiya ne, kuma ko akwai abin da mai sayen albasa da wake da riɗi irinku zai amfana da shi. Gaskiya ne, Kawu, kuma da wannan labarin nake aiki kullum a kamfanin biskit da nake ciki a gefen birnin Liyon na Faransa, inda mu shida ne ke sashen saye, mu ne masu nemo fulawa da sukari da man girki da koko da riɗi da kwalin da ake zuba kaya a ciki.

Masu sayar da labarin iri iri ne, kuma wasunsu sun daɗe ƙwarai. Platts, wanda ake dogara da shi wajen sanin farashin man fetur da gas, tun 1909 yake. Argus ya soma a Landan a 1970. Na kayan abinci kuwa akwai Expana, wanda a da aka fi sani da Mintec. Wasu kuma ba farashi suke sayarwa ba, halin ɗan kasuwa suke sayarwa. Dun & Bradstreet, wanda asalinsa ke komawa 1841 a Amurka, da Coface na Faransa, su ne za su gaya maka ko kamfanin da kake shirin ba wa kuɗin kafin alƙalami yana biyan bashinsa a kan lokaci ko kuwa yana dab da karyewa. EcoVadis na Paris, wanda aka kafa a 2007, shi kuma maki yake ba kamfanoni a kan yadda suke riƙe ma'aikatansu da muhalli, sana'ar da ta ƙara kasuwa tun da Faransa ta yi doka a 2017 da ta ɗora wa manyan kamfanoni alhakin sa ido a kan waɗanda suke sayen kaya a hannunsu. Duk waɗannan kuɗin shekara ake biyansu, kuma abin da kamfaninmu yake kashewa a kansu ya kai albashin ma'aikaci guda.

Da farko na ɗauka asarar kuɗi ce, domin na tashi a gabanku na ga yadda labari yake zuwa muku ba tare da kun biya ko dala ba. Har yau ban ga wani a nan da ya kai dillalin Galmi ko na Tsarnawa saurin samun labari ba. Kafin hantsi ya san nawa buhun albasa ya kwana a Kumasi da Akara da Abijan, ya san motoci nawa suka tashi daga Madawa, ya san wane direba aka tsare a iyaka. Sai da na shekara biyu a wannan aiki na gane cewa ba sauri Turawan nan suke saye ba. Abin da suke biya shi ne labarin da ya fito daga bakin wanda ba shi da ko sisi a cikin cinikin. Ma'aikacin irin waɗannan kamfanoni yakan buga wa masu saye da masu sayarwa waya kowace rana, ya tambayi nawa aka yi ciniki, tan nawa, a wace tashar jirgin ruwa, da wane sharaɗin biya. Ya gwada maganar wannan da ta wancan, ya ajiye wadda ta yi nisa da sauran a gefe, sannan ya fitar da farashi guda bisa ƙa'idar da kamfanin ya rubuta ya wallafa, wadda kowa zai iya karantawa ya ƙalubalanta. Ko farashi ya hau ko ya sauka, albashinsa ɗaya ne. Dillalinmu kuwa, komai amanarsa, kuma na san da yawansu masu amana ne, la'adarsa tana cikin a ƙulla cinikin, don haka labarin da zai hana ka saye yau ba shi ne zai fara fitowa daga bakinsa ba. Ba laifinsa ba ne, haka sana'ar take.

Abu na biyu da ake biya shi ne tarihi. Idan na buɗe kwamfuta, zan ga farashin alkama ko na sukari na kowane mako har shekaru da yawa baya, in ga watan da ya saba sauka da watan da ya saba hawa. Ku ma kuna da wannan sani, kun san albasa takan faɗi warwas a Maris da Afrilu lokacin da kowa ya tone, ta yi tsada daga ƙarshen damina zuwa farkon sanyi ga wanda ya iya ajiye ta a rudu ba ta ruɓe ba. Amma sanin yana cikin kanku ne, kuma ranar da ba ku je kasuwa ba, yaranku ba su da inda za su duba shi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai dai idon mutum ɗaya ba ya gaduwa, rubutu ne ake gada.

Inda wannan labarin ya fi yi mana rana shi ne wurin tayi. A nan mai saye ba ya cewa kawai a rage masa. Yakan farfasa farashin kayan ya ga abin da ke cikinsa: kashi nawa ne na ɗanyen kaya, nawa ne na wuta da gas, nawa ne na leburanci, nawa ne na mota, nawa ya rage riba. Bayan yaƙin Ukraine ya ɓarke a Fabrairun 2022, tan ɗin alkama a kasuwar Euronext ta Paris ya haura Yuro 400, wato sama da jika 260 na kuɗinmu, kuma ma'aunin farashin abinci na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai inda bai taɓa kaiwa ba a watan Maris na shekarar. Masu niƙa suka ƙara mana kuɗin fulawa, muka biya ba gardama, domin mun ga dalilin da idonmu. Da alkama ta sauko ƙasa da Yuro 250 a 2023, ba wanda ya zo da kansa ya ce zai rage mana; mu ne muka je da takardar da ke nuna saukar, muka zauna da su, aka rage. Daga baya ma muka rubuta a cikin yarjejeniya cewa farashin fulawa zai riƙa bin na alkama duk wata uku, ya hau tare da shi ya sauka tare da shi. Na sha tunanin buhun albasarku a wannan wuri. Shi ma ai farfasuwa yake yi: kuɗin manomi, buhu da ɗinki, dako, mota, duwan, abin da ake bayarwa a shingayen hanya, da abin da ya ruɓe kafin a isa. Wanda ya rubuta waɗannan daki daki ya san inda zai matsa da inda matsawa zalunci ne.

Akwai kuma gargaɗi. Jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez kwana shida a Maris 2021, kuma a Satumban shekarar kuɗin ɗaukar kwantena mai ƙafa arba'in ya haura dalar Amurka 10,000 a ma'aunin Drewry, kamfanin da ke bin kuɗin sufurin jiragen ruwa, alhali kafin korona bai kai 2,000 ba. Koko ya wuce dalar Amurka 10,000 kowane tan a Maris 2024 saboda rashin kyawun amfani a Kodibuwa da Gana, kuma masu bincike sun yi watanni suna faɗin haka tun suna ƙirga ƴaƴan itacen a gonaki, don haka wanda ya saurara ya ƙulla saye tun da wuri. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na shinkafa. Ranar 20 ga Yulin 2023 Indiya, wadda ke da kusan kashi 40 cikin ɗari na shinkafar da ake fatauci a duniya, ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba. Saƙon ya shigo mana a ranar, mu da ba ma sayen shinkafa, na zauna ina tunanin masu shaguna na kasuwar Katako ta Yamai da na kasuwar Tawa, waɗanda wannan labari ya fi shafa fiye da mu nesa ba kusa ba. Ƴan kwanaki bayan haka iyakar Bene ta rufe, hanyar Kwatano ta yanke, tsada biyu ta haɗu a kan buhu ɗaya.

Kada ku ɗauka komai nasu daidai ne, domin idan aka zo kasuwanninmu, yawancinsu lalube suke yi. A ƙarshen 2020 an gano wani maganin feshi da Turai ta haramta a cikin riɗin da ke zuwa daga Indiya, aka kwashe kaya masu yawa daga shaguna, kamfanoni irin namu suka shiga neman riɗi a wasu ƙasashe. A 2024 muka sayi rahoto a kan riɗin Afirka ta Yamma daga wani kamfanin bincike, da kuɗi masu yawa. Da na karanta ɓangaren Nijar, raina ya ɓaci ƙwarai: an lissafa kuɗin mota ta hanyar Kwatano kamar ba a taɓa rufe iyaka ba, ba a ambaci zagayen da ake yi ta Burkina Faso zuwa Lome ba, ba a kuma san cewa riɗi mai yawa ta Najeriya yake bi ba, balle a san yadda faɗuwar naira take juya cinikin Ƙonni da Maraɗi. A bayyane yake wanda ya rubuta bai taɓa tsayawa a kasuwar ƙauye ya ga ana awo da tiya ba. Waya biyu da na yi da ku a wancan makon ta fi shafi arba'in na rahoton amfani, kuma na faɗa wa shugaban sashenmu haka. Gani ya kori ji. Cikin waɗanda na ga suna ƙoƙarin bin kasuwanninmu daga tushe akwai N'kalô, na wata ƙungiya mai suna Nitidae da ke nan Liyon, wanda ke aika wa manoma da ƴan kasuwa bayanin kashu da riɗi ta salula, da shawara a kan ko a sayar ko a jira.

Mu ma ba hannu rabbana muke ba. SIMA, hukumar bayanan kasuwannin kayan gona ta Nijar, tana tattara farashin hatsi daga kasuwannin ƙasa, akwai takwararta ta dabbobi, RECA, gamayyar majalisun noma ta ƙasa, tana fitar da bayanai ga manoma, ƙungiyar AcSSA mai zaman kanta kuma tana cikin masu wallafa farashin gero da dawa da masara da shinkafa duk wata. Aiki ne mai kyau, kuma kyauta ne, kamar yadda gwamnatin Faransa take da ma'aikatan da ke zagaya kasuwar Ranjis, babbar kasuwar sarin kayan abinci ta kusa da Paris, suna fitar da farashin kayan lambu a intanet. Sai dai namu an gina su ne da farko domin hukuma da masu agaji su hango yunwa tun ba ta iso ba, ba domin mai sayen buhu ɗari biyar ya san ranar da zai saya ba. Shi ya sa ba za su gaya maka ingancin kayan ba, ko wanda ke riƙe da su, ko halin biyansa. Game da halin biya, abin da muke da shi shi ne a tambayi maigidan mutum ko wanda ya tsaya masa, kuma wannan yana aiki muddin ana cikin mutanen da suka san juna. Da zarar ciniki ya ƙetare zuwa baƙon da ba ku da wanda kuka haɗa sani da shi, lambar rajistar kasuwancinsa da ta haraji kaɗai ba su gaya muku ko zai cika alkawari.

Ba na ba ku shawarar ku biya ko ɗaya daga cikin kamfanonin nan, domin kuɗinsu ya fi ƙarfin cinikinmu kuma ba su san albasar Galmi ba. Abin da nake roƙo shi ne ku ɗauki tsarin. Ku da abokanku huɗu ko biyar da kuke lodi tare, ku ɗauki yaro ɗaya mai ilimi daga cikin ƴaƴanmu da suka gama jami'ar Tawa, ku yanka masa albashi na wata, da sharaɗi guda mai ƙarfi: ba ya dillanci, ba ya karɓar la'ada daga kowa, ba ya saye don kansa. Aikinsa shi ne duk ranar kasuwa ya kira mutum uku aƙalla a kowane wuri, Galmi da Tsarnawa da Madawa da Yamai da Kumasi da Abijan, waɗanda ba su san da juna ba, ya rubuta farashi da girman buhu da irin albasar, sabuwa ce ko ta ajiya, da canjin naira da sidi na ranar, da kuɗin mota, da kwanakin da aka yi a hanya. Ya buɗe wani shafi dabam na abokan ciniki, inda zai rubuta wanda ya biya a kan lokaci da wanda ya ja, ba tare da zagi ko yabo ba, kwanan wata da adadi kawai. A shekarar farko kundin ba zai gaya muku abin da ba ku sani ba, kuma na san wasu za su ce an ɓata kuɗi. Daga shekara ta uku ne za ku iya buɗe shi ku ga ko ajiya a rudu tana biyan abin da take ruɓarwa, da kuma wace kasuwa ce ke fara motsi kafin sauran su bi.

Idan kun amince, albashin wata shida na farko yana wuyana, kuma zan turo masa jadawalin da muke amfani da shi a nan bayan na gyara shi ya dace da buhu da tiya da sefa. Ku kuma ku taimake ni da farashin farin riɗi na wannan kaka a Maraɗi da Ƙonni, tare da kuɗin mota zuwa Lome, domin a wata mai zuwa za mu sake zama a kan maganar. A gaishe mini da Inna da ƙannena duka.

Ɗanku,
daga Liyon